Auduga, ɓeran da maciji ya ƙi ci

Ƙanina ne ya shigo min da kwalin takalmi a hammata, an huhhuda murfin da biro, ko zama bai yi ba yace "Yaya dan Allah kar ki yi ihu, ki bari in gama magana tukun." Ai kuwa jin haka na san ba alheri ya kwaso ba. Yana ɗaga murfin na hango wani ɗan farin abu ya maƙure a kusurwa yana rawar jiki, idanu jajaye kaman an ɗiga jan tawada, ga doguwar wutsiya, ban san sanda na haye kujera ba. Ni da ɓera dama ba ma ga maciji, babu irin tarkon da ban saya ba a rayuwata.

Labarin dai shi ne wani abokinsa na kiwon mesa, kuma ɓeraye yake saya yana ba ta, akwai masu kiwonsu musamman dan wannan sana'ar. To an jefa wannan a akwatin mesar, ita kuma lokacin tana shirin yin saɓa, kuma maciji in zai yi saɓa sau da yawa ba ya cin abinci, sai ta share shi. Kwana biyu ɓeran nan yana akwati ɗaya da abin da zai haɗiye shi, ba ruwa ba abinci. Abokin ya ji tsoron kar ɓeran ya fara gwaguyar mesar, dan in yunwa ta yi musu yawa suna cizon macijin har su ji masa rauni, sai ya ciro shi yace zai buga shi da ƙasa ya yar. Nan ne ƙanina ya karɓo, shi kuma inda yake haya an hana ajiye kowace irin dabba. Yace "Yaya kwana uku kawai, zan samo wanda zai karɓa." Nace kwana uku fa, kuma ba a ɗakina ba.

Da daddare bayan kowa ya kwanta na kasa barci, ba wai tausayi ba fa, tsoro nake kar ya huda kwalin ya shiga cikin kayana. Na ɗauki tocila na je na leƙa. Mun sa masa ruwa a murfin kwalba, sai na tarar ya dafa bakin murfin da hannuwansa biyu yana sha, yana sha, kaman ba zai daina ba, da ya gama sai ya zauna a kan ƙafafun baya ya lashi hannuwan ya shafa fuska, ya shafo bayan kunne ya gangaro har kan hanci, ya sake, ya sake, sannan ya jawo wutsiyar da hannu ya bi ta da baki tun daga gindi har ƙarshe. Ina tsugune na kai minti ashirin ina kallo. Duk tsawon rayuwata ban taɓa kallon ɓera yana zaune ba, kullum a guje nake ganinsu ko a mace cikin tarko, ban san suna da 'yan yatsu ba ma.

Washegari ƙanina ya duba yace ai mace ce. 'Yata mai shekara bakwai ta raɗa mata Auduga saboda farinta, nace kar ki sa mata suna, jibi za ta tafi. Jibin da har yau bai zo ba.

Maigidana bai ce komai ba sai da aka yi sati, sannan yace "wai ke wa kika taɓa ji yana kiwon ɓera in ba mai taɓin hankali ba?" Ni ma lokacin haka nake gani, shi ya sa na shiga intanet dan in samu amsar da zan ba shi, sai na tarar abin ya girme mu duka. A Japan tun 1787 aka buga ɗan littafi kan yadda ake kiwon ɓeraye masu launi kala-kala. A Ingila akwai ƙungiyar masu kiwon ɓera da aka kafa tun 1895, har gasar kyau suke yi musu kaman yadda ake yi wa dawaki, kuma ƙungiyar na nan har gobe. Wata malamar makaranta a Amurka, Abbie Lathrop, wajen shekarar 1900 ta koma kiwonsu tana sayar wa masu sha'awa, daga baya masu binciken kimiyya suka riƙa saya a wurinta, kuma da yawa daga ɓerayen da ake gwajin magunguna da su a yau jikokin ɓerayenta ne. Na karanta masa duka, ya saurara tsaf yace "to sai me, ɓera dai ɓera ne." Kuma gaskiyarsa ta wani ɓangaren, jinsi ɗaya ne da na cikin gida, bambancin kawai waɗannan an ɗau ɗaruruwan shekaru ana haifarsu a hannun mutane, sun yi laushi, in ka saki irinsu a waje, musamman fari da ake hangowa daga nesa, da wuya ya daɗe a raye. Shi ya sa maganar a kai ta daji a saki ba ta taso ba, kashe ta ne ta wata hanyar.

Abin da ya sa ma nake rubuta wannan shi ne kurakuran da na tafka, dan wallahi ni na ɗauka da an cece ta daga bakin maciji an gama, saura kawai a ba ta abinci. Ashe abin da ya kusa halaka ta bayan macijin ni ce, kuma duk da kyakkyawar niyya.

Na fara da cuku, saboda a katun haka muke gani. Ta shinshina ta juya baya. Ashe su masu cin hatsi ne da 'ya'yan itatuwa da ɗan ƙwari, cuku kitse ne da gishiri kawai a wurinsu. Duk abincin da take buƙata a rana bai wuce giram 3 zuwa 5 ba, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, ruwa kuma kaman mililita 5. Daga baya na samo dunƙulallen abincin da ake yi musu musamman, ina ƙara mata da ɗan karas ko yankan tuffa wanda bai fi farcena ba, sai 'ya'yan kabewa da nake ajiyewa a matsayin toshiya. Ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga, dan haka ba a gwaji da cikinsa. Haƙoranta na gaba kuma rawaya ne, na zaci datti ne ko ciwo, ashe lafiyayyun haƙoransu haka suke, kuma ba sa daina tsiro har mutuwa, dole a ba su abin gwaguya, katako mara fenti ko kwali, in ba haka ba su yi tsawon da za su hana su cin abinci. Tun daga nan na daina ganin ɓeran da ke cin ƙofa a matsayin mugu, ko da yake ban daina jin haushinsa ba.

Ɗaukarta ma da wutsiya nake yi, da yatsu biyu, ina miƙe hannu can nesa da jikina, saboda haka naga kowa na yi. Duk sanda na ɗaga ta sai ta yi fitsari ta yi kashi tana wutsil-wutsil a iska, daga baya ma da ta ji motsin buɗe murfi sai ta ruga ta ɓuya. Sai naci karo da binciken wata farfesa a Jami'ar Liverpool, Jane Hurst, wanda aka wallafa a 2010, inda suka nuna cewa ɗaukar ɓera ta wutsiya na sa shi firgici da gudun mutane, amma in aka bar shi ya shiga ɗan bututu aka ɗaga bututun, ko aka tallabe shi a tafin hannu, sai ya saki jiki. In ka yi tunani ma ai duk abin da ke kama ɓera ta sama ya ɗaga shi, shaho ne ko kyanwa. Kuma in aka ja ta ƙarshen wutsiyar da ƙarfi fatar na iya saɓulewa gaba ɗaya. Na koma amfani da kwalin cikin tishu, in ajiye a gabanta ta shige da kanta in toshe ɓangarorin biyu da hannu in ɗaga. Sai na riƙa ajiye hannuna a cikin akwatin ba motsi, da ƙwayar kabewa ɗaya a tafin. Kwana huɗu tana zuwa ta shinshina ta gudu, ranar na biyar ta fizge ta gudu, ranar na tara ta hau ta zauna ta ci a wurin. Nauyinta kaman ba komai, amma ina jin ɗumin cikinta da wani kaɗawa kaman waya na bari a hannu, bugun zuciyarta kenan, tasu tana bugawa wajen sau 600 a minti ɗaya.

Ina da ɗan sikelin kicin, da shi nake auna ta a cikin kofi. Ranar farko giram 24. Bayan sati ɗaya ta kai giram 31, na ji daɗi nace kiwo ya karɓe ta. Bayan kwana huɗu kuma 39, cikin ya fito gefe da gefe kaman ta haɗiyi ƙwallo. Na tura wa ƙanina hoto, ya kira yana dariya yace "Yaya kin kusa zama kaka." Ashe masu kiwon ɓerayen maciji maza da mata suke haɗawa wuri ɗaya, kuma mace tun tana sati 6 take iya ɗaukar ciki, cikin kuma kwana 19 zuwa 21 ne kacal. Wato da cikinta aka jefa ta wa mesa.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ga tana ta yayyaga takarda tana jan ta lungu tana gina sheƙa, sai tausayi ya kama ni, nace mai jego ai sai da laushi, na ɗebo audugar nan ta goge ciwo na cika mata lungun da ita. Ta ji daɗinta kuwa, ta ja ta shige ciki.

Da asuba ranar kwana na goma sha uku da zuwanta na ji wani siririn tsiwa-tsiwa. Guda takwas, jajaye, ba gashi, ido a rufe kunne a manne, kowanne bai fi kan ɗan yatsana ba, nauyinsu giram ɗaya da 'yan kai. Fatarsu shara-shara ce har kana hango farin nonon da suka sha a cikin cikinsu kaman an ja layi. Na karanta cewa kar a taɓa sheƙar a kwanakin farko dan uwar na iya rikicewa, sai na kame hannuna, ina dai ƙara mata dafaffen ƙwai dan ta samu ƙarfin shayarwa. Kwana na biyu na ƙirga bakwai. Na duba ko'ina babu na takwas, sai ɗan alamar jini a takarda. Haka suke yi, in ɗa ya mutu ko ya fito ba lafiya uwar na cinye shi, kar warinsa ya jawo abin da zai cinye sauran. 'Yata ta tambaye ni "Umma ina ɗayan?" nace ya rasu, tace ina gawar, nace Auduga ta ɓoye. Ban yi ƙarya sosai ba.

Ranar kwana na biyar uwar ta fito shan ruwa ɗaya ya biyo ta manne da nono ya faɗo a waje, sai naga ƙafarsa ta baya ta kumbura ta yi baƙi-baƙi kaman ɗanyen inabi. Na haska da tocilar waya na matso sosai, sai ga wani siririn zaren auduga ya naɗe ƙafar sau biyu ko uku ya nutse cikin nama, yaron yana girma zaren yana ƙara shiga. Jikina ya yi sanyi. Na wanke hannu na shafa shi da takardar sheƙarsu dan warina ya ɓace, na ɗora shi a kan tawul mai ɗumi, maigidana, wanda yace ɓera ɓera ne, shi ya riƙe min fitila, da tsinin allura na samu na ɗaga zaren na yanke da ɗan almakashin farce, hannuna na rawa, shi kuma abin yana ta buɗe baki ba sauti. Ƙafar ta tsira amma yatsu uku sun bushe sun faɗi. Daren nan na kwashe audugar tas na mayar musu da tishu mara turare da aka yayyaga, wanda in ya jiƙe yake narkewa. Sai daga baya naga ashe gargaɗin nan yana ko'ina, auduga da duk wani abu mai zare haɗari ne gare su, tana naɗe ƙafa, in sun haɗiya kuma ta toshe hanji. Rashin sani ya fi dare duhu, ni ina can ina yaba wa kaina.

Wajen kwana goma gashi ya rufe su, abin mamaki babu fari ko ɗaya, uku ruwan toka, biyu baƙaƙe, biyu ruwan ƙasa. Ashe farin nan mai jan ido zabiya ne, sai an gado shi ta uwa da uba sannan yake fitowa, ubansu kenan mai launi ne. A daidai wannan lokacin ne ake gane mace da namiji cikin sauƙi, kafin gashin ciki ya yi kauri, dan matan ana ganin ɗigo-ɗigon nono guda goma, mazan ɓera kuwa ba su da nono sam. Mata huɗu maza uku, mai guntuwar ƙafar mace ce, 'yata ta sa mata Ɗingishi. Kwana goma sha uku zuwa sha huɗu suka buɗe ido, daga nan kuma sai Allah, suka zama kaman ƙuma, ka kai hannu su yi tsalle sama.

Lokacin na riga na mayar da su wani kejin tsuntsu da aka ba ni, ina ganin na yi musu gata. Wata safiya na ƙirga biyar. Ɓera in kansa ya shiga rami to jikinsa ma zai wuce, kuma ramin da bai fi faɗin fensir ba, milimita 6 zuwa 7, ya ishe shi, balle yara. Mun birkice ɗakin nan kaf, ɗaya muka same shi cikin takalmin makarantar 'yata yana barci, ɗayan kuwa sai da na kafa bokiti, na jera littattafai kaman matakala har bakinsa, na shimfiɗa tawul a ƙasan na zuba 'ya'yan kabewa, ƙarfe ukun dare na ji ƙwas-ƙwas, na je na tarar da shi ciki yana cin abinsa ko a jikinsa. Daga nan na sayi babbar robar ajiye kaya mai zurfi, aka yanke murfin aka sa ragar ƙarfe mai ƙananan ido dan iska ta riƙa shiga.

Ranar da suka cika kwana 28 na raba mazan da matan, dan in aka yi sakaci ɗa zai yi wa uwarsa da 'yan uwansa ciki, kuma uwar ma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu in akwai namiji kusa, ka lissafa ka ga inda za a kwana cikin wata shida. Mazan sun zauna lafiya har wajen sati takwas, sannan faɗa ya ɓarke, da safe na ga ɗaya da cizo a gindin wutsiya. Mazan ɓera ba su cika zama tare ba in sun balaga, ga wari, wani irin wari mai kama hanci da matan ba su da shi. Da ƙyar da taimakon ƙanina muka samar wa kowanne gida shi kaɗai, mata biyu kuma wata abokiyar aikina ta karɓa tare, kowa na haɗa shi da takarda da na rubuta da hannuna, layin farko BA A SA AUDUGA. Na riƙe Ɗingishi da wata mai ruwan toka da muke kira Toka, saboda macen ɓera ba ta zama ita kaɗai, a cure suke barci kaman an tara safa, suna yi wa juna wanka.

Watannin da suka biyo baya su ne masu daɗin, kuma ba wani labari a cikinsu sosai. Da rana barci, da magariba su fito. Na sa musu wilin gudu mai shafaffen ciki, faɗin santimita 20, dan mai wayoyi yana kama ƙafa da wutsiya, ƙarami kuma yana lanƙwasa musu baya. Ɗingishi da guntuwar ƙafarta ta fi kowa gudu a kai. Auduga kuwa ta gane muryata, in nace "ke tsohuwa" sai ta leƙo ta miƙe tsaye tana kaɗa gashin baki, dan idonsu ba ya gani sosai, balle zabiya, da hanci da gashin baki suke ganin duniya. Ta kan hau hannuna ta shige hannun rigata ta kwanta a gwiwar hannu ina kallon talabijin. Mama da ta zo ta ganni haka sai da ta yi salati tace "sabo turken wawa," kuma har ta tafi ba ta ci komai da na taɓa ba sai ta ga na wanke hannu a gabanta. Ban ga laifinta ba, dan wankin hannun dole ne, kafin da bayan taɓa su.

Wajen wata na goma na fara jin wani sauti in tana numfashi, ƙit-ƙit-ƙit kaman ana taɓa haƙora, ni har ina cewa 'yata ji tana mana magana. Ashe yawancin maganar ɓera kunnen mutum ba ya kama ta, ta yi sama da abin da muke iya ji, in har kana jin sautin numfashinsa to ciwo ne. Ta fara atishawa, gashinta ya tashi, ta rame daga giram 33 zuwa 28. Neman likitan dabbobin da zai duba ɓera ma aiki ne, wuri biyu aka yi min dariya a waya, ɗaya yace in sayi wani mana. Na uku ne yace in kawo ta. Ya saurari ƙirjinta yace ciwon huhu ne da wata ƙwayar cuta mai suna maikoplasma ke kawowa, yawancinsu da ita ake haifarsu tana kwance, sai an samu abin da ya tayar da ita. Ya tambaye ni me nake shimfiɗa musu, nace ɓawon katako mai ƙamshi da na samo kwanan nan saboda wari, ya girgiza kai yace "Malama wannan ƙamshin da kike ji shi ke ƙona musu huhu," katakon sida da danginsa akwai wani mai a jikinsu da ke illa ga numfashinsu. Ya kuma ce amoniyar fitsari in ta taru ita ma haka, amma kuma wanke akwatin ƙal kullum da nake yi yana sa su ƙara yin fitsari dan su mayar da warinsu, gara in riƙa kwashe lungun fitsarin kullum, in canza shimfiɗa sau ɗaya a sati, in bar musu ɗan tsohuwar sheƙa. Kuskure na kan kuskure, kuma duk a cikin neman tsafta. Shi ne ma ya gargaɗe ni cewa mai juna biyu kar ta wanke akwatin ɓera ko ta taɓa shimfiɗarsu, akwai wata ƙwayar cuta da ɓeran gida ke iya ɗauka mai cutar da ɗan tayi, dan haka da matar ƙanina ta samu ciki ko ɗakin ban bari ta shiga ba.

Ya ba mu wani magani mai suna doksisaikilin, ɗigo ɗaya safe ɗaya dare har sati uku. Ɗigo ɗaya fa, amma ka ba ɓera ɗigo ɗaya ka gani. Ta ture sirinjin da hannu biyu, ta juya kai, in ya shiga ta goge bakin a rigata. Dabarar da ta yi aiki ita ce in ɗiga a ɗan ɓarɓashin biskit in ware ta a kofi har ta cinye, in ba haka ba Toka ce za ta ƙwace. Ta warke, ko ince ta samu sauƙi, dan likitan ya faɗa min ciwon ba ya fita duka, kuma ya dawo sau ɗaya bayan wata huɗu.

Tun farko na san ba sa daɗewa, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda ya yi sa'a ya kai uku. Sanin bai hana komai ba. Tana da kaman shekara ɗaya da wata takwas a wurina na shafa gefen haƙarƙarinta na ji wani ƙullutu kaman ƙwayar wake. Ƙari ne na nono, kuma a ɓeraye yawanci mugun ne, naman nonon nasu ya bazu har gefen jiki da baya shi ya sa yake fitowa a inda ba ka zata ba. Likita yace ana iya yanka amma da shekarunta da huhunta da wuya ta tashi daga maganin barci, kuma ko an cire yakan dawo. Ya ba ta maganin rage zafi, ya koya min abin da zan riƙa dubawa, dan su dabbobin da ake farauta ɓoye ciwo suke yi, ido in ya tsuke, kunne ya kwanta baya, ta dunƙule baya ya yi tozo, ta daina wanka. Cikin sati biyar ƙarin ya kai girman kanta. Na sauke mata komai ƙasa, ruwa a murfin kwalba kaman daren farko dan ba ta iya miƙewa ta kai bututun. Ɗingishi ce ke wanke mata bayan kunne inda hannunta ya daina kaiwa.

Ranar da na miƙa mata ƙwayar kabewa ta karɓa ta riƙe da hannu biyu ta kasa fasawa ta ajiye, na kira likitan. Ya sa ta a ɗan akwati da iskar barci tukun, sai da ta yi nisa sannan ya yi allurar, ba ta san an yi ba. Na dawo da ita a kwalin takalmi, ba wancan ba dai, wani. Na ajiye ta a akwatinsu na minti kaɗan 'ya'yan suka shinshina ta, Toka ta tafi harkarta, Ɗingishi ta daɗe tana ture ta da hanci. Maigidana ne ya haƙa ramin, bai ce min komai ba, 'yata ta naɗe ta da tishu tace "Umma ba auduga ko?" nace eh ba auduga.

Toka ta bi ta bayan wata biyu, cikin barci, da safe kawai muka gani. Yanzu saura Ɗingishi, ta kusa shekara biyu, gashin bayanta ya fara zubewa, ta daina hawa wili, kuma ita kaɗai ce, abin da na san bai dace da su ba. In na kawo mata 'yan mata biyu su ɗebe mata kewa, sai an ware su sati biyu a wani akwatin a tabbatar ba su da ciwo, sannan a haɗa su a wurin da ba warin kowa, kuma ita za ta tafi ta bar su, su ma ɗaya za ta riga ɗaya, haka abin zai yi ta tafiya ba ranar ƙarewa. Maigida yace wannan karon a'a, ya gaji da haƙa rami. Ni ma wani lokacin haka nake ji. Dan haka yanzu kullum da daddare sai in ɗauko ta ta kwanta a hannun rigata awa ɗaya ko fiye, in sa mata safa mai ɗumi a sheƙa. Ɗayar robar dai da na yi wa mazan tana nan saman wadrob, an tambaye ni ita sau biyu ban bayar ba.